Godiya ga mutanen Damagaram bisa jinyar Innarmu

Assalamu alaikum. A madadin ƙannena da dangi baki ɗaya, ina sanar da ku cewa an sallamo Inna daga asibiti bayan aikin da aka yi mata. Tana gida, tana ci tana sha, har ta fara takawa zuwa tsakar gida. Alhamdu lillahi.

Tun watan Afrilun 2024, da hukumomi suka rushe majalisun gari aka naɗa wakilai, Inna ba ta da kujerarta ta kansila, ba ta da hatimi, ba wanda zai ce ya zo wurinta neman wani abu. Amma ranar da likitoci suka ce ana buƙatar jini, kafin mu gama kiran dangi samarin fadar unguwarmu sun cika ƙofar ɗakin gwaji. Wasu a kan baburansu na kabu-kabu suka zo, suka bar neman abincinsu na yinin. Allah ya yi muku albarka, ya raba ku da iyayenku lafiya.

Ƙananan cikinku a kansila kawai suka san ta. Haihuwar unguwar Birni ce, ta yi makarantar horon malamai ta Askiya Muhammad a nan Zinder, ta koyar a ƙauyukan wajen Mirriya kafin a dawo da ita gari. A aji ta ga abin da ya kai ta siyasa: yaro mai ƙwaƙwalwa, jarrabawa ta zo, ba shi da takardar haihuwa, saboda an haife shi a gida kuma wa'adin rajista ya wuce, sai an bi ta kotu. Matan unguwa ne suka matsa mata ta tsaya a zaɓen Janairun 2011, aka sake zaɓenta ranar 13 ga Disamba 2020. Lokacin doka ta riga ta ɗaga kason mata a kujerun zaɓe zuwa kashi 25 cikin 100, har wasu na cewa cike gurbi aka yi da su. Duk wanda ya gan ta da jakar leda cike da takardun 'ya'yan mutane, tana zarya tsakanin ma'aikatar magajin gari da kotu cikin zafin bazara, ba zai faɗi haka ba.

Sai maganar ruwa, wadda ba Badamagare da za a yi wa bayani. Gari ne a kan dutse, ruwan da muke sha daga Gogo Macaya, Arunguza da Ganaram ake turo shi, kuma kansila ba ta da iko da bututu. Abin da take iyawa shi ta yi: ta nace a zauren majalisa har aka kafa famfon unguwa, ta kuma tsara layin jarkoki don kada tsofaffi su kwana a bakin famfo. Wani dattijo mai ga-ruwa, duk tsawon jinyar nan, kullum da asuba sai mu tarar ya cika mana randuna. Na miƙa masa jika guda, ya mayar da hannunsa baya, ya ce in gaida Malama. Baba, mun gode, Allah ya shayar da kai daga Alkausara.

Godiya ga likitoci da masu jinya da suka kwana a kanta, ga limaman da suka sa ta a addu'a, ga matan da ba su bar mu mun ɗora tukunya ba, ga tsofaffin abokan zamanta na majalisa, har waɗanda suka sha gardama da ita daga wata jam'iyya, da ɗalibanta da suka bugo daga Yamai, Maradi da Kano.

Likita ya ce ta samu hutu sosai. Masu son dubiya, don Allah a bari sai bayan la'asar, kuma a taƙaita zama. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.