Cinikin biri a sama, da kuɗin kujerar Inna

Ranar Lahadi ɗan ƙanwata ya zo cin tuwo gidana, amma har miya ta huce kansa na sunkuye a kan waya. Da na leƙa sai na ga kati yake tayawa, irin ɗan katin nan mai hoton ɗan wasa da sa hannunsa, wanda ake rufewa cikin roba kamar laya. Hoton wani ɗan jami'a ne, kwatabak, da ake ta yayata cewa yana cikin waɗanda za a fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, a ƙarshen watan Afrilu. Dala 1,800. Wannan fa yaro ne da ke yini yana kai wa mutane abinci gida-gida a motar da sai an lallaɓa ta take tashi.

Na ce, "Kai, kuɗin me za ka taɓa?" Ya ce na makaranta ne, amma kafin lokacin biya ya yi, katin ya ninka. Sai ya ƙara da cewa, "Kawu, wannan fa daban ne. Ba ka ga hannunsa ba."

Na tsame hannuna daga kwano. Maganar da na faɗa wa matata ke nan shekaru da dama da suka wuce, ko harafi bai canza ba.

Ga waɗanda ba su saba da ƙwallon Amurka ba: kwatabak shi ne madugu, shi ke karɓar ƙwallo ya jefa, shi ke karanta inda abokan hamayya suka ja daga cikin daƙiƙa biyu zuwa uku kafin ƙarti su danne shi. Ƙungiyoyi 32 ne, kowace shekara su kan zaɓi 'yan jami'a bi da bi har zagaye bakwai, kuma wadda ta fi kowa shan kashi a bara ita ke fara zaɓa. Ku riƙe wannan na ƙarshen. Ni ban riƙe shi ba, shi ya sa nake wannan rubutu.

A Columbus ta jihar Ohio na koyi wasan, ina tuƙa tasi cikin dare. Gari ne da filin ƙwallon jami'arsa ke ɗaukar mutum sama da 100,000, ranar Asabar in ana wasa titi kan yi tsit kamar an yi shara. Rediyon mota ne malamina. Da shi na gyara Turancina, da shi kuma na fara jin kaina masani. Fasinja ya shigo in ja shi da hirar wane ya fi wane, in ya ce "ashe kana bin wasan" sai kaina ya ƙara girma. Abin da ya ci ni ke nan. Kwaɗayin riba na nan, ban musa ba, amma son a ce baƙo ya fi 'yan gari gani ya fi shi ƙarfi.

Shekarar da abin ya faru akwai wani yaro daga wata jami'a, ba ta garinmu ba. Ba zan faɗi sunansa ba, domin bai ci mini ko sisi ba, ni na ɗauki kuɗina da ƙafata na kai. Na ga wasansa sau uku a talabijin. Uku kacal. A ɗaya ya jefa wata ƙwallo da har yau in na rufe ido ina ganinta a sama. Lokacin nan ne kwasar adashinmu ta faɗo kaina, dala 6,000, kuma tun kafin ta zo na riga na yi wa Inna alkawarin kujerar Makka da ita. Na shiga wani shagon katuna, na sayi nasa masu sa hannu tun kafin zaɓe, bayan an ɗauke shi da wuri na koma na ƙara da ragowar. Lissafina shi ne in riƙe su shekara ɗaya, in sayar, in biya wa Inna da ƙanwarta kujera biyu maimakon ɗaya. Kun ji yadda shaiɗan ke zuwa da rawani.

Da ta tambaya a waya, na ce mata bana kasuwa ba ta yi ba, sai baɗi in Allah ya kai mu. Ta ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri, ta sa mini albarka. Wannan albarkar ta fi asarar kuɗin yi mini ciwo.

Yaron ya faɗa ƙungiyar da ba ta da masu kare shi. Ana miƙa masa ƙwallo ana kwantar da shi. Aka kori koci, sabo ya zo da nasa tsarin, aka sake korar wannan ma. Kafin shekara uku ya koma benci, katunana suka koma takarda. Inna ta je Makka bayan shekara biyu, lokacin gwiwa ta fara ba ta wahala, a keken guragu aka tura ta ta yi sa'ayi. Ban taɓa gaya mata dalilin jinkirin ba har ta koma ga Mahaliccinta, Allah ya jiƙanta.

Amma a yi mini adalci. Ni direban tasi ne, masu jirgin sama na kansu ma sun faɗa ramin. A 1998 mutane na ta gardama kan wa ya fi tsakanin Peyton Manning da Ryan Leaf. Ƙungiyar Colts suka ɗauki Manning a lamba ta ɗaya, Chargers kuwa sai da suka ba da 'yan wasa da gurabun zaɓe don su matsa daga lamba ta uku zuwa ta biyu su sami Leaf. Manning ya zama gwarzo, Leaf kuwa duk zamansa a NFL ƙwallo 14 ya jefa ta ci, 36 abokan hamayya suka cafke. A 2007 Raiders suka ɗauki JaMarcus Russell a lamba ta ɗaya, suka lamunce masa sama da dala miliyan 30, suka sallame shi a 2010 bayan ya ci wasa 7 cikin 25 da ya fara. Calvin Johnson, gwanin cafke ƙwallo, na zaune, Detroit ta ɗauke shi a lamba ta biyu. Waɗannan mutane ne masu likitoci da masu leƙen 'yan wasa da faifan kowane wasa. In su sun ɓata, ni wane ne?

Haka nake rarrashin kaina, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai ba kuɗin kujerar uwarsu suka taɓa ba.

Ɗan ƙanwata ya tambaye ni, yana ganin ya kama ni, wai to in haka ne ƙungiyoyi su daina ɗaukar kwatabak da wuri ke nan? Da a shekarun da raunin ke ɗanye ne, da na ce ƙwarai, su daina. In kawo masa Tom Brady, wanda aka ɗauka a lamba ta 199 a shekarar 2000, bayan an ɗauki kwatabak shida kafin shi, ya kuma ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL, sau bakwai. In ƙara da Russell Wilson a lamba ta 75, da Jalen Hurts a ta 53. In rufe da 49ers, da suka kashe zaɓen zagayen farko har uku a kan Trey Lance a 2021, ya fara musu wasa huɗu kawai, sannan Brock Purdy, wanda shi ne na ƙarshe ƙat a zaɓen 2022, lamba ta 262, ya kai su wasan ƙarshe.

Yanzu ba haka zan ce ba, kuma ba don na huce ba ne. Brady tsintuwa ce, ba a tsara gida a kan tsintuwa. Ƙungiyar da ba ta da madugu ba ta ganin kofi, kuma tun 2011 kuskuren ya yi araha. Sam Bradford, lamba ta ɗaya a 2010, an lamunce masa dala miliyan 50 tun bai taɓa ƙwallo ba. Aka sake doka aka ƙayyade albashin sababbi, sai ga Cam Newton a shekara mai bi da miliyan 22 na shekara huɗu. Wato in ka dace, ka sami madugu mai rahusa na wasu shekaru, ka zuba ragowar kuɗin a kan masu kare shi da masu cafke masa. In ba ka dace ba, ka sake. Cardinals sun ɗauki Josh Rosen a lamba ta 10 a 2018, ba su ji daɗinsa ba, suka zo na ƙarshe, aka ba su lamba ta ɗaya, suka ɗauki Kyler Murray suka sallama Rosen. Ko kunya babu.

A nan ne na ɗaga murya har matata ta leƙo daga kicin. Ƙungiya in ta yi kuskure, ladarta ita ce a sake ba ta zaɓi na gaba-gaba baɗi. Mai ƙungiya zai ci gaba da karɓar kuɗin talabijin ko an ci ko ba a ci ba. Kai fa? Wa zai ba ka lamba ta ɗaya baɗi don ka yi asarar kuɗin makaranta? Kai da su kuna kallon yaro ɗaya ne, amma su da katifa a ƙasa suke tsalle.

Abu na biyu da ban gane ba sai da aski ya zo gaban goshi: yaron da ya fi kowa a gidan da ya fi kowane lalacewa yake sauka. David Carr, lamba ta ɗaya a 2002, sau 76 aka kayar da shi da ƙwallo a hannu a shekararsa ta farko da Texans. Tim Couch a Cleveland sau 56 a 1999. Wane hannu ne zai yi aiki mai shi na kwance? Sai a dubi Patrick Mahomes: Chiefs ƙungiya ce mai ƙarfi tun da fari, suka hauro daga lamba ta 27 zuwa ta 10 a 2017 suka ɗauke shi, suka zaunar da shi shekara guda a bayan Alex Smith yana kallo. Aaron Rodgers shekara uku ya yi a bayan Brett Favre, shi da Mahomes duk suka zama gwanaye. Baker Mayfield da Sam Darnold an riga an yi musu jana'iza, suka sauya gida suka tashi, Darnold har ya ci wa Vikings wasa 14 a kakar 2024. Ana cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A wannan harkar ƙarya ne. Manning ɗin ma wasa 3 ya ci cikin 16 a shekararsa ta farko, aka cafke masa ƙwallo 28.

Na zauna da niyyar jero muku shawara goma, ku samari. Da na ƙirga ban sami ko rabi ba.

Kada ku sayi kowa kafin a san gidan da zai je. Ku tambayi wane ne koci, shekara nawa ya rage masa kafin a kore shi, su wa ke tsaye gaban yaron. Amma ku ba kwa tambaya. Guntun bidiyo na daƙiƙa talatin kuke kallo, yaro sanye da gajeren wando yana jefa ƙwallo a filin da babu mai korar sa, an sa kiɗa a ƙasa, ku ce kun ga hannu. Wasa ɗaya cikakke ba za ku iya zama ku kalla ba, sai yatsa ya yi ta shafa gilashi. Mu aƙalla mun sha sanyi muna sauraron awa uku a rediyo kafin mu yi wautarmu.

Ku jira shekara biyu. Na san abin da za ku ce, wanda ya jira Mahomes shekara biyu ya tarar katin ya fi ƙarfin aljihunsa, kuma Jayden Daniels a shekararsa ta farko ya kai Washington dab da Super Bowl. Gaskiya ne. Wanda bai yi kasada ba ba ya samu, ni ma na yarda, kuma da a ce wani yaron na zaɓa a wata shekarar da yanzu labari nake ba ku na basira. To ku yi kasadar da kuɗin da in sun ƙone ba za ku yi wa kowa ƙarya a waya ba. Kai, ku bar ma sayen gaba ɗaya. Na taɓa kai maganar gaban wani malami ina so ya ce mini ciniki ne ba caca ba, ya tambaye ni ko zan so katin in an ce ba zai taɓa sayuwa ba. Ban amsa ba, na ce ana jira na da mota.

In kuwa gardamar ƙungiya kuke yi a majalisa, ku ce ta ɗauka da wuri in tana da katangar da za ta kare shi da kocin da zai daɗe. In ba ta da su ta fara gina su. Panthers sun ba da DJ Moore da tarin zaɓe don su sami Bryce Young a 2023, suka ci wasa biyu cikin 17, lambar farko ta shekara mai bi kuma ta tafi hannun Bears da suka yi cinikin da su. Sai dai kuma ƙungiyar da ta gyaru ba ta ƙara samun lamba ta ɗaya, ta ina za ta ga madugun? Ku warware wannan da kanku, ni na gaji.

Na shiga ɗaki na ɗauko gwangwanin biskit ɗin da na adana sauran katunan a ciki, guda tara, na zube masa a kan tabarma. Ya ɗauki ɗaya ya haska da waya, wata manhaja ta ce dala 4. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Kawu, ai kai ba ka iya zaɓe ba ne." Uwarsa ce ta lalata shi, tun yana ƙarami ba ta bari a tsawata masa. Na ce ya tattara ya bar mini gida, matata ta ƙulla masa ragowar tuwo a leda.

Bayan ya tafi ya turo mini bidiyon yaron. Na ce ba zan buɗe ba. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na buɗe, na kalla sau huɗu. Akwai wata da ya jefa yana gudu hagu, ƙafarsa ba ta ma taɓa ƙasa ba, ta sauka a hannun mai cafka kamar an aike ta. Da asuba na kira ƙanwata na ce ta karɓe katin bankinsa ta ɓoye har a biya kuɗin makaranta.