Bahon Kawu

Jidda, ranar Asabar.

Tun bayan sallar Asuba nake kan tsohon bahon wankan da Kawu ya ba ni, domin a garin nan aikin da za a yi a fili, in ba a fara shi kafin rana ta ɗaga ba, sai dai a bari sai bayan La'asar. Bahon ya fito ne daga gidan da Kawu ya daɗe yana haya a unguwar Sabil. Da rusau ya iso unguwar a 2022, mai gidan ya ce Kawu ya ɗauka in yana so, masu sayen tsohon ƙarfe kuma suka yi ta taya shi, amma ya ƙi sallamawa. Tun daga lokacin yake ajiye a filin da ke bayan gida ƙarƙashin tamfol, kuma danshin teku mai gishiri ya yi masa abin da yake yi wa kowane ƙarfe a Jidda.

Mu huɗu muka ɗaga shi, muka kwantar a kan tsofaffin tayoyin mota. Nauyinsa ya haura kilo 100, kuma in aka ƙwanƙwasa shi, sautin kan fito a dushe, ba ya amsa kuwa kamar bahon falankin ƙarfe na zamani. Ƙarfen zubi ne, wanda aka narkar aka zuba a mazubi, kuma saboda yawan sinadarin kabon da ke cikinsa ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi in ya faɗi da ƙarfi. Shi ya sa na hana yara matsowa har sai da muka tokare shi da katako.

Wani maƙwabcina ya kawo mini kwalbar ruwan wanke masai mai asid, ya ce kafin in ƙifta ido zai yi fari fat. Na yi masa godiya, amma ban buɗe ta ba. Farin da ke cikin bahon gilashi ne da aka barbaɗa garinsa a kan ƙarfe mai zafi, aka gasa a wutar da ta wuce digiri 750 har ya narke ya manne, irin rufin da ke jikin kwanon samira na ɗakin iyayenmu mata. Da wannan dabara ce wani mai masana'antar ƙarfe, John Michael Kohler, ya mayar da kwamin shayar da dawakai bahon wanka a Amurka a 1883. Asid mai ƙarfi yana cinye sheƙin wannan gilashi, soson ƙarfe kuma yana karce shi, kuma da zarar fuskar ta yi kaushi, dauɗa za ta riƙa maƙalewa ke nan, babu kuma mai iya mayar da sheƙin a gida. Ina ganin yawancin irin waɗannan bahunan a hannun masu wanki suke lalacewa tun kafin tsufa ya cim musu.

Na fara da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, sannan na dama garin bekin soda ya yi kauri, na shafe cikin duka, na bar shi ya jiƙa kafin na bi shi da tsumma mai laushi. A hankali launin toka ya riƙa sauka, fari mai ɗan ratsin madara ya bayyana. Abin da ya fi cin lokaci shi ne jan layin tsatsa da ya gangaro daga inda famfo ya yi shekaru yana ɗiga zuwa bakin magudana. A nan na sa lemun tsami da gishiri, amma na 'yan mintuna kawai, ina ɗaurayewa ina sakewa, domin shi ma lemun asid ne, in ya daɗe yana dusasar da tsohon gilashi. Bilic kuwa ba ya fitar da tsatsa, ƙara kafa ta yake yi, kuma haɗa shi da asid yana tayar da iskar da ke ƙona huhu.

Bayan La'asar muka kifa shi. Bayan bahon tsuran ƙarfe ne da ragowar koren fenti, saboda haka a nan ne buroshin waya da samfefa suka yi amfani. Na sa takunkumi, na kuma riƙa jiƙa wurin kafin in goge, domin tsohon fenti yakan ƙunshi darma, ƙurarta kuma guba ce, musamman ga yara. Notikan ƙafafu sun cije, sai da na jiƙa su da mai tun safe suka yarda suka juya. Da ƙarfen ya bushe sarai, na shafa jan fentin nan mai hana tsatsa kafin danshin dare ya sauka.

Kawu ya iso dab da Magariba, muka ɗan karkata masa bahon ya leƙa ciki. Ya sa yatsa a wata ɓantara da ke kusa da baki, inda baƙin ƙarfe ya fito, ya ce, "Ɗana, wannan fa? Na ji akwai masu fesa masa sabon fari gaba ɗaya." Na ce, "Akwai su, Kawu, amma abin da suke fesawa fenti ne, bayan 'yan shekaru zai fara ɓarewa. Gara in cike wannan wurin kaɗai da ifoksi, wato wani gam mai ƙarfi, ko da launin bai zo daidai ba, sauran kuma a bar shi da gilashinsa na asali." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce ya yarda, amma da sharaɗin bayan ya koma kore yadda ya san shi.

Saura bakin magudana, wanda zarensa ya cinye. Na kwance shi na sa a leda, gobe in Allah ya kai mu zan kai wa mai gyaran famfo ya auna, ya nemo mini na tagulla daidai da ramin.