Kafin A Lanƙwasa Harshen Fulota: Darussa Daga Gyaran Tsofaffin Babura

Tsohon babur da ke zubar da mai ta ƙasan kafireta (na'urar da ke haɗa fetur da iska), ko mai shaƙewa a kan hawa, da wuya a ce fulotarsa ce ta sauka daga saiti haka kawai. Aikin gareji yana koya wa mutum cewa ɗan harshen ƙarfen da ke jikin fulota, mai danna allurar da ke toshe hanyar mai, ba ya lanƙwashewa da kansa. In an same shi a karkace, wani hannu ne ya taɓa shi. Saboda haka lanƙwasa shi ne aiki na ƙarshe, bayan an gama binciken sauran.

Fulota tana yawo ne a kan man da ke cikin kofin kafireta. Mai ya cika, sai ta tashi ta tura allura ta toshe hanya. Mai ya ragu, ta sauka allura ta buɗe. Tsayin man da ke kofin shi ke nuna irin jan da iska za ta yi kafin ta ɗauko shi ta cikin jet, wato ɗan ramin da mai ke bi, kuma bambancin milimita biyu ya isa ya canza halin inji. Idan mai ya yi sama da yawa, fulogi zai yi baƙi da kunkunniya, salansa ta riƙa baƙin hayaƙi, inji ya ƙi tashi in ya yi zafi, tanki kuma ya riƙa ƙarewa da wuri. Mafi muni, in aka kwana ba a rufe makunnin mai ba, fetur kan gangara cikin silinda ya sauka cikin baƙin mai ya tsinka shi. Idan kuwa ya yi ƙasa, babur zai riƙa yankewa in an murɗa totur sosai, fulogi ya yi fari, inji ya ɗau zafi, ba ya son tashi sai da cok.

Matsalar ita ce, abubuwa da dama suna kawo waɗannan alamomin. Kan allura na roba ne, in ya tsufa sai ya yi zobe a inda yake zama, kuma ko an saita fulota daidai ba zai toshe ba. Ƙwayar tsatsa ɗaya daga tanki, ko yashin man da aka saya a galan a bakin titi, ta isa ta tokare allurar. Fulotar tagulla kan huje ta sha mai ta yi nauyi: a girgiza ta kusa da kunne, in an ji motsin ruwa ta gama aiki, ko a tsoma ta cikin ruwan zafi, ramin zai fitar da kumfa. Akwai kuma siririn bututun tagulla da ke tsaye cikin kofi domin fitar da rarar mai. Yakan tsage a gindi, ya riƙa ɗiga ko da mai bai kai bakinsa ba. Gwajinsa da sauƙi: a cire kofin, a zuba masa mai a hannu, a ga ko zai zuba. A ɗaya ɓangaren, toshewar ɗan ramin iska na murfin tanki ko dattin makunnin mai yana sa babur ya yi kamar fulota ta yi ƙasa.

In an kawar da waɗannan, sai awo. A bari inji ya huce, a nisanci wuta da sigari, a rufe mai, a kwance sukurun ƙasan kofi a tsiyaye abin da ke ciki, sannan a cire kafiretar. Nan ne mutane da yawa ke kuskure: suna kifa ta gaba ɗaya su auna. A bayan allura akwai ɗan tsinke mai sifirin, nauyin fulota yana danne shi, awon ya fito ƙarya. Abin yi shi ne a karkata kafiretar a hankali har harshen ya taɓa tsinken kawai bai danna shi ba. A haka ake auna tazara daga leɓen da kofi ke zama, bayan an cire fakin da ke hana yoyo a leɓen, zuwa ƙololuwar fulota. Kowane samfuri da awonsa. A kafireta nau'in PZ26, wadda ake yawan gani a injunan China da aka kwaikwaya daga Honda CG125, awon yakan kasance wajen milimita 14, amma in littafin babur ya faɗi wani abu daban, nasa za a bi.

A riƙe wannan da kyau, don yana rikita har waɗanda suka daɗe a sana'a: awo ya ƙaru, mai ya ragu a kofi, awo ya ragu, mai ya ƙaru.

Wajen gyara, a zare fil ɗin da fulota ke lilo a kansa a hankali, domin ginshiƙai biyun da ke riƙe shi ba su da ƙwari, in ɗaya ya karye sai dai a nemi wata kafireta. A lanƙwasa harshen kaɗai, ba hannuwan fulota ba, kuma kaɗan-kaɗan: abin da ido ba ya ko gani a harshe yakan zama milimita ɗaya ko biyu a can ƙarshen fulota. Ba a lanƙwasa shi yana kan allura, hakan na lalata kan robar. In fulotar mai kunnuwa biyu ce, su zo daidai da juna. Wadda kuwa aka zuba da roba baki ɗaya har harshenta, ba ta da saiti. Masu ɗumama ta da wuta don ta lanƙwasu ɓata ta kawai suke yi. Sabuwa ake sa wa, tare da allurarta.

Bayan an mayar da komai, akwai gwajin da ya fi rula gaskiya. A kafe babur a kan jak ɗin tsakiya a daidaitaccen wuri, a sa farin tiyo mai nuna abin da ke ciki a bakin matsiyayar kofi, a ɗaga ɗaya bakin sama a jikin kafireta, a buɗe mai da sukurun tsiyaya. Man zai hau tiyon ya tsaya daidai inda yake a ciki, galibi dab da layin da kofi ya haɗu da jiki ko ƙasa da shi kaɗan. A bar shi minti biyar. In ya ci gaba da hawa, allura ba ta toshewa, a koma kanta.

Sai an gama wannan ake taɓa sukurun iska da na silo, masu saita aikin inji lokacin da ba a murɗa totur ba, inji yana da ɗumi. Wanda ya fara da su zai sake aikin. Kuma in tankin na da tsatsa, a wanke shi a sa ƙaramar matatar mai a tiyon da ke zuwa kafireta, in ba haka ba allurar za ta sake tokarewa.