Alhamdulillahi, injinan sun saki

Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Injinan kwamfuta da nake kula da su, waɗanda ɗalibai ke tura wa ayyukansu, sun maƙale kwana huɗu, sai jiya bayan La'asar layin ayyukan ya motsa, ayyukan ɗalibai sun shiga, ni kuma na yi barcin da rabona da shi tun ran Talata. Duk wanda ya bi mu kwana huɗun nan ya san abin da munka sha, ba sai na maimaita ba, godiya ce ta kawo ni.

Daren Laraba ne har yanzu in na tuna gabana ke faɗuwa. Na buga squeue, umarnin da ke nuna layin ayyuka, na ga ayyuka 11 duk CG, wato sun ƙare amma Slurm, manhajar da ke raba wa injina ayyuka, bai karɓe injinan ba, ga na mutane tsaye a baya kamar layin mai, injina 5 cikin 8 an jingine su, ba a ba su sabon aiki, wai an kasa kashe aikin da ke kansu. Na yi scancel don soke ayyukan, shiru. Na shiga injin na yi kill -9, umarnin kashe aiki da ƙarfi, ko gezau. Nan na ce shi ke nan, faifan ajiya ya tafi da aikin mutane na shekara biyu, kuma ni anka ba amana. Wallahi ƙasa na zauna bisa tayil, ga zafin Birnin Kebbi, ga esi babu wuta, zufa har cikin ido.

Sai ga Baba mai gadi da tocilan da kwanon fura. Na san ba ya son a ambace shi amma sai na faɗa. Bai san mene ne Slurm ba, firijin nan masu ƙugi yake ce musu. Ya aje kwanon ya ce ɗana sha tukuna, ƙarfe bai san kana jin yunwa ba. Ya jawo benci ya zauna bakin ƙofa da casbinsa har anka kira Asuba, bai ƙara cewa uffan ba. Baba, Allah ya kai ka Makka, Allah ya jiƙan mahaifanka, ya sa 'ya'yanka su yi maka fiye da haka.

Sai Malamina da ke Gusau, Allah ya ƙara girma, da ya kira ni da sassafe ya ce buga ps, umarnin da ke nuna halin kowane aiki, ka gaya mini, ka ga harafin D, alamar aiki na jiran faifai? Na ce na gani ranka ya daɗe. Ya ce to babu abin da ya mutu, NFS suke jira, wato hanyar da injinan ke bi su kai ga faifan ajiya, aikin da ke cikin wannan hali ko sigina ba ta isa gare shi sai faifan ya amsa. Ashe lokacin da anka ɗauke wuta batirin inbata ya kasa, injin ajiya ya mutu, da ya tashi NFS ɗin bai tashi da shi ba. Shi ko Slurm daƙiƙa 60 yake jira aikin da anka kashe ya mutu in ba ka canza masa ba, daga nan ya jingine injin. Kuma ni da hannuna na sa epilog, ɗan shirin da ke gudana bayan kowane aiki ya ƙare, yana rubutu cikin foldar NFS ɗin, shi ma ya maƙale, wannan kam laifina ne. Munka tada NFS, injina biyu sai da anka kashe anka kunna, na maido su bakin aiki da umarnin scontrol. Ɗaya ya ƙi har Juma'a, ashe batirin agogonsa ne ya mutu, munge kuma, manhajar da ke tantance injinan ga juna, ba ya yarda in agogo ya kauce da yawa, ko minti 5 ya wuce sai ya ce takardar shaidar ta tsufa. Ɗan batiri kamar kwabo jama'a!

Ɗalibar nan mai aikin ambaliyar fadamar Argungu, Litinin za ta kare digirinta amma ko sau ɗaya ba ta ɗaga mini murya ba, sannu Malam kawai take turowa. Allah ya ba ki sa'a ƙanwata. Uwargida da ta yi ta aiko abinci yana dawowa ba a taɓa ba, Allah ya bar mu tare, ya saka miki da Aljanna.

Akwai ɗan uwa na jini a Abuja da wannan ne aikinsa, kira 7 na yi masa. Ba komai, ƙila hidima ce ta yi yawa, Allah ya bar zumunci.

Na ƙara lokacin jiran zuwa daƙiƙa 180, epilog ya koma faifan kowane inji. Wanda aikinsa ya faɗi ran Talata ya sake turawa, amma don Allah kar a kira ni sai bayan Azahar.