Talata a Lardin Lodz: Neman Takardar Haihuwa ta Farko

Talata, ƙarshen Oktoba, a ƙasar Polan. Tun da aka mayar da agogo baya ranar Lahadi, rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu da rabi, don haka muka tsara aikin yau ya ƙare da sauran haske: ofishin rajista da safe, gidan renon yara bayan azahar, maƙabarta in lokaci ya bari.

Iyalin da nake yi wa rakiya da tafinta daga Italiya suka zo, ƙasar da ta fi kowace ɗaukar yaran Polan riƙo kafin gwamnatin Polan ta tsuke hanyar a 2017. Mata da miji ne da 'ya'ya biyu 'yan ciki ɗaya. An ba su yarinyar tana shekara bakwai, ƙanenta yana uku. Yanzu ita tana da 19, shi 15, kuma wannan tazarar ce ta yi mana jagora yini guda. Sunan garin zan bar shi a ciki, domin ƙarami ne, kowa ya san kowa.

Riƙon da kotun Polan ke yankewa ba irin namu ba ne, inda yaro kan tashi gidan gwaggo ko kawu yana sane da ƙofar gidan ubansa. A nan kotu kan sa a rubuta sabuwar takardar haihuwa da sunan iyayen riƙo a gurbin mahaifa, a rufe ta farko. Ban da kotu, mutum ɗaya doka ta yarda a buɗe wa tsohuwar: wanda aka riƙa, bayan ya cika 18. Iyayen riƙo ba su da wannan iko, ko da su suka biya kuɗin jirgi. Ƙanen ma sai ya jira shekara uku.

Mun bar Warsaw da jirgin ƙasa na sassafe, kusan awa ɗaya da rabi zuwa tashar Lodz Fabryczna, daga nan motar haya. A ofishin rajista, wanda ake kira USC, yarinyar ce ta tsaya gaban teburi, iyayen na zaune a benci. Ta miƙa fasfonta, da sabuwar takardar haihuwa, da hukuncin kotu mai ɗauke da lambar shari'a, da takardar buƙata cikin Polanci da sa hannunta, da rasidin zloti 33. Kuɗin cikakken kwafi ke nan. Akwai gajeren kwafi na zloti 22, amma ba shi da amfani a wannan aiki, domin bayanan da ake ƙarawa a gefe ba sa fitowa a cikinsa. Takardar da aka kawo daga waje kuma galibi sai mai fassara da ya yi rantsuwa a gaban hukuma ya juya ta ya buga hatimi. Shi kuwa da shafi yake lissafin kuɗinsa, shafin haruffa 1,125.

Inda iyalai suka fi faɗawa rami shi ne lokaci. Duk wanda aka haifa kafin 1 ga Maris 2015, bayanansa a kundin takarda aka rubuta su, kuma sai an kwashe su zuwa kwamfuta kafin a buga kwafi. Doka ta ba ofishi kwanakin aiki bakwai idan kundin yana wurinsa, goma idan yana wani gari. Iyalin da ya zo hutun mako ɗaya ya shigar da buƙata ranar da ya sauka, hannu rabbana zai koma. Wannan iyalin tun Satumba aka aika wasiƙarsu ga ofishin da ke riƙe da kundin, aka tsayar da rana, shi ya sa yau cikin minti arba'in muka fito. Sai kuma rubutun suna. Takardun waje kan zubar da ɗigo da saƙar da ke kan haruffan Polanci, sunan dangi kuma yana sauya ƙarshe tsakanin mace da namiji, kamar Kowalski da Kowalska. A kwafo sunan daga hukuncin kotun Polan harafi bayan harafi, kada a dogara da fasfo.

Ba a karanta irin wannan takarda a tsaye gaban ma'aikaci. Tun daren jiya aka yi shawara: ita kaɗai za ta fara gani, ni ina fassara, sannan ta zaɓi abin da za ta faɗa wa ƙanenta, tun da uwarsu ɗaya ce, duk abin da ta sani ya shafe shi. Muka zauna a kusurwar wani shagon shayi. Sunan mahaifiya, sunan gidansu, shekarar haihuwarta da garin da aka haife ta duk suna nan. Da ta kai layin uba ta ɗora yatsa ta ce, "Anti, wannan shi ne babana?" Na ce ta dakata mu duba ƙasan takardar. A Polan idan ba a tabbatar da uba ba, ba a barin layin babu komai: ana sa sunan namiji da uwar ta zaɓa, ko ma'aikaci ya zaɓa, a haɗa da sunan dangin uwar. Bayanin gefe ya nuna haka aka yi. Akwai waɗanda suka ɓata watanni suna neman mutumin da ba a taɓa haifa ba saboda babu wanda ya yi musu wannan bayani. Ta yi shiru, ta ninke takardar, ta kira ƙanenta. Sunan uwar kawai ya tambaya, ya ce sauran a ajiye masa.

Abincin rana a bar mleczny muka ci, gidajen abinci masu araha da gwamnati ke tallafa wa. Da gangan na zaɓe shi, domin girkinsu shi ne irin na gidajen reno: miyar tumatir da shinkafa, pierogi mai cikin dankali da cuku, da ruwan 'ya'yan itace dafaffe da suke kira kompot. Yaron ba ya jin Polanci ko kaɗan, amma ya kurɓi miyar ya ce ya san ta. Mai gudun naman alade ya faɗa tun a wurin biya, domin sau da yawa da soyayyen kitsensa ake yayyafa wa pierogi.

Gidan renon ya canza, kuma na riga na gargaɗe su. Dokar 2011 ta rage yawan yaran da gida ɗaya zai riƙe, yanzu iyaka 14 ne, don haka an raba manyan gidaje da yawa zuwa ƙanana, wasu an rufe. Idan gidan da ake nema ya ɓace, ofishin taimakon iyali na gunduma, PCPR, shi ake tambaya inda takardunsa suka koma. Wannan yana nan, sai dai rabin ginin ya zama ofisoshi. Shugabar sabuwa ce, ba ta san su ba. Wadda ta san su mai girki ce, dattijuwa da ta daɗe a wurin. Ta kira yarinyar da sunan wasan da ba wanda ya kira ta da shi tun tana bakwai, ta nuna mata tagar ɗakin da suke kwana, ta ce kullum sai ta ɓoye wa ƙanenta guntun burodi a aljihu. Shawarata ga duk mai shirin irin wannan ziyara: a wasiƙar neman izini a roƙi a gayyato tsoffin ma'aikata, har da masu girki da shara. Su ne ke riƙe da abin da fayil ba ya riƙewa. An ba mu hotuna huɗu daga kundin gidan. Ba a ɗaukar hoton yaran da ke zaune yanzu, tsaraba kuma sai an tambayi abin da suke buƙata. Su takalman sanyi suka ce.

A bakin ƙofa uban ya kawo maganar da nake jira. Akwai tsohon adireshi a hukuncin kotu, tafiyar minti goma ce, me zai hana mu leƙa? Na ce masa, "Baba, takardar suna ta ba mu, ba ta ba mu izinin shiga gida ba." Mahaifiyarsu wataƙila ta yi aure, wataƙila mijinta da sauran 'ya'yanta ba su san da waɗannan ba, wataƙila shan giyar da ya sa aka karɓe yaran bai sake ta ba. Kowanne daga ciki, yarinyar ce za ta ɗauki nauyin abin da ƙofar ta buɗe. Akwai hanya mai mutunci: a shigar da buƙatar neman adireshi daga PESEL, rajistar jama'ar ƙasa, a ofishin ƙaramar hukuma, zloti 31, hukuma ta tuntuɓi matar, in ta amince a bayar. In ta ƙi, an ji amsa ba tare da an tsaya a kan titi ana kallon juna ba. Uwar riƙo ta goyi bayana, yarinyar ta ce sai ta yi tunani.

Ma'aikatan ba su faɗi komai a kan mahaifiyar ba, dokar kare bayanan mutane ta hana su. Dokar ba ta shafi mamata ba, don haka suka gaya mana kakar da ke kawo musu ziyara ta rasu, tana maƙabartar cocin garin. Wasu maƙabartu na cikin shafin Grobonet, a rubuta suna a ga layi da lamba. Wannan ba ta ciki, sai ofishin coci ya duba mana kundi. Mun samu mutane cike suna wanke duwatsu saboda bikin tunawa da mamata na 1 ga Nuwamba. Yaran suka sayi kyandir mai gilashi a bakin ƙofa kamar yadda ake yi a nan. Uban ya tambayi kuɗin kabari, kuma tambayar ta dace, domin shekara 20 ake biya, in wa'adi ya cika ba wanda ya sabunta ana iya ba wani wurin. Na kakar da saura.

Da dare a masauki muka shirya na gobe. Kotun gunduma, sashen iyali da yara, ta amsa cewa an fito da fayil ɗin daga ma'ajiya, za a duba shi a ɗakin karatu. Lambar shari'ar, mai ɗauke da alamar Nsm, ita ta sa aka same shi da wuri. A ciki ne rahotannin ma'aikatan jin daɗin jama'a da na likita suke, kuma ba su da daɗin ji, don haka na ce a ware awa biyu kawai, kada a sa wani aiki a bayansa. Maganar zama ɗan ƙasa kuma jibi: riƙo a waje ba ya cire wa yaro haƙƙinsa na ɗan Polan, sai in shi ya nemi ajiyewa shugaban ƙasa ya amince, kuma ofishin gwamnan lardi ke ba da takardar tabbatarwa. Yarinyar za ta shiga kotu da mamanta ta riƙo da ni. Ƙanen ya ce shi titin Piotrkowska na birnin Lodz zai zaga da babansa, su same mu ƙarfe ɗaya a tashar jirgi.