"Ku Yi Haƙuri" Ta Kusa Cinye Mini Shekara

Ina shekara ta biyu ta lisans, wato digirin farko, a wata jami'a a nan Yamai, ni ne kyaftin na ƙungiyar ƙwallon sashenmu. Wasan kusa da na ƙarshe ne, cikin Afrilu, rana kamar ta narkar da mutum. Ana dab da tashi alƙalin wasa ya hura fenariti a kanmu. Na ruga na cafki hannun rigarsa ina masifa. Wannan kam na yi shi. Amma dutsen da ya fasa masa goshi daga cikin ƴan kallo ya fito. Shi kuwa a rahotonsa ya haɗa riƙon riga da jinin a layi ɗaya, ga lambar rigata a gaba.

Jan kati da dakatarwa ban yi mamakinsu ba. A ƙwallo, rahoton alƙali gaskiya ake ɗaukarsa har sai an kawo hujjar da ta rushe shi. Haka dokar ladabtarwa ta FIFA ta tanada, ƙananan gasa irin tamu ma da wannan idon suke kallon lamarin. Abin da ya zo mini ba zato shi ne takardar kira gaban majalisar ladabtarwa ta makaranta. Ashe laifi ɗaya, alƙalai biyu.

Daren ranar na je Bukoki wurin kawuna. Ya saurare ni yana jan carbi, ya ce, "Kai yaro ne. In ka shiga, sunkuyar da kai ka ce a yi haƙuri. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

Haka na yi. Malamai a jere bayan dogon tebur, wakilin ɗalibai a gefe, sakatare yana rubutu. Aka ce ko ina da abin faɗa, na ce na yi kuskure, a gafarce ni. A gida, wannan kalmar tana kashe wuta ba tare da an tona wa ya kunna ta ba. Ko mai gaskiya yana faɗarta don girmama manya. A takarda kuwa abin da aka rubuta da Faransanci shi ne: ɗalibin ya amsa abin da ake tuhumarsa. Duka, har da dutsen. Kora ta shekara guda. A tsarin karatun jami'a na LMD, shekara kiredi 60 ce cikin 180 da ake tarawa a samu lisans, ga burs ɗina, kuɗin tallafin karatu, da ke rataye a kanta.

Wanda ya cece ni wani yayanmu ne na fada, wurin zamanmu na hira da shayi, mai karatun shari'a. Yana zuba shayi ya tambaye ni, "Ƙanena, ka nemi ganin dosiyenka kafin zaman?" Na ce a'a. "Ka kai shaida?" A'a. "Ka karanta abin da ka sa wa hannu?" Na yi shiru. Ya ajiye butar ya ce to kuka ya ƙare, a ɗauko biro.

Ya ce kafin a yi zancen kotu, ana fara roƙon wanda ya yanke hukuncin ya sake dubawa, ko a kai ga na sama da shi, kuma a rubuce, cikin wa'adi. Na kawo shafi huɗu cike da rantsuwa da labarin wahalar mahaifiyata. Ya soke, ya bar shafi ɗaya: ga abin da na aikata, ina neman afuwa a kansa, ga abin da ban aikata ba, ga hujja. Hujjar wani bidiyo ne da ke yawo a WhatsApp, yana rawa, amma ana ganina tsaye gaban alƙalin lokacin da dutsen ya zo masa daga gefe. Ƴan wasa biyu na ɗaya ɓangaren suka rubuta shaida. Tasu ta fi ta abokaina goma nauyi, tunda ba su da abin karewa.

Na kai kwafi biyu, na tsaya har aka buga hatimi da kwanan wata a kan nawa. Wasu sun so a tara ɗalibai a yi bore a ƙofar ofis. Na roƙe su su bari, don mutumin da ake zargi da jifa ba taron masu ihu yake buƙata a bayansa ba.

Aka mayar da korar gargaɗi a rubuce. Dakatarwar fili ta tsaya yadda take, kuma ta cancanta. Jarrabawa biyu da suka wuce ni sai a rattarapaj, zaman jarrabawa na biyu, na rubuta su.

Da na kai wa kawu labari, ya gyara zama ya ce, "Ka gani ko? Haƙurin nan da ka ba su ne ya yi aiki." Na ce, "Haka ne, Kawu."