Sabon Dakta da Gardamar da Ta Biyo Shi Har Shagon Aski a Agege

A shagon askin da nake zuwa a Agege akwai mu biyar ko shida da muka daɗe muna bibiyar shirin talabijin na Birtaniya mai suna Doctor Who, kuma na lura cewa ba mu taɓa yin gardama mai zafi a kan labarin shirin ba kamar yadda muke yi duk lokacin da aka sauya jarumin da ke jan ragamarsa. Idan shirin ya kawo wata halitta daga sararin samaniya wadda hankali ba zai ɗauka ba, mukan yi dariya mu wuce. Amma ranar da aka ce wane ne zai zama sabon Dakta, sai ka ga mai aski ya kashe injinsa kan mutum rabi a aske, domin shi ma yana da ta cewa.

Ga wanda bai san shirin ba, BBC ce ta fara nuna shi a ranar 23 ga Nuwamba 1963. Ƙagaggen labari ne na kimiyya a kan wani baƙo daga duniyar Gallifrey, mai zuciya biyu, wanda ake kira Dakta kawai, yana yawo tsakanin zamunna da duniyoyi a cikin wani shuɗin akwatin 'yan sanda da cikinsa ya fi wajensa girma. A 1966 rashin lafiya ya sa William Hartnell, wanda ya fara fitowa a matsayin Dakta, ya kasa ci gaba, sai masu shirin suka ƙirƙiro wata dabara: idan jikin Dakta ya gaza, yakan sabunta kansa ya dawo da wata fuska da wani hali, alhali shi ne dai mutumin. Da haka Patrick Troughton ya karɓa, kuma wannan dabarar ce ta raya shirin har ya haura shekara sittin, duk da dogon hutun da ya yi daga 1989 zuwa 2005. Mu 'yan Najeriya muna da tsohuwar alaƙa da shi, domin a 2013 aka sanar da gano kashi tara na zamanin Troughton, waɗanda BBC ta rasa, a ajiye a wata tashar talabijin da ke Jos.

A ranar 8 ga Mayu 2022 aka sanar cewa Ncuti Gatwa ne zai gaji Jodie Whittaker a matsayin Dakta. An haife shi a Kigali a 1992, iyayensa suka tsere da shi daga kisan kiyashin Ruwanda na 1994, ya tashi a Sikotlan, ya kuma yi karatun wasan kwaikwayo a Gilasgo. Shi ne baƙar fata na farko da aka damƙa wa jagorancin shirin, ko da yake Jo Martin ta riga shi fitowa a matsayin wata ɓoyayyiyar siffa ta Dakta a 2020. Labarin ya same mu a shago da yamma, kuma kafin a kira Magariba mun rabu gida biyu.

Babban cikinmu, wanda duk muke kira Yaya, ɗan kasuwar gwari ne a Mile 12, kuma shi a cikin jaruman da suka taɓa riƙe matsayin, David Tennant ne Daktansa, ba ya jin kira a kan haka. Ya kalli hoton a wayar ƙanina ya ce, "Wannan yaron dariya ta yi masa yawa. Mutumin da aka ce ya shekara dubbai yana ganin mutuwar duniyoyi ba ya irin wannan fara'ar." Ƙanina, wanda ya san Gatwa daga wani shiri na Netflix inda ya fito a matsayin Eric Effiong, ɗan makaranta mai tsatson Najeriya, ya ce, "Yaya, ku yi haƙuri, amma ba ku ga wasansa ba tukuna, hoto kawai kuka gani." Ni a lokacin ban ce komai ba, domin na tuna cewa na taɓa jin irin wannan hukuncin daga bakin Yaya, kuma ba sau ɗaya ba.

Da aka zaɓi Matt Smith a farkon 2009 yana ɗan shekara 26, masoya da yawa sun ce yarinta ta yi masa yawa. Da aka zaɓi Peter Capaldi a 2013 yana da shekara 55, sai aka ce ya tsufa. Da aka bayyana Whittaker a Yulin 2017, aka ce mace ba za ta iya ba. Abin da na fahimta shi ne, yawancin abin da mai kallo ke faɗa a makon farko kewar wanda ya tafi ce take fitowa da sunan sharhi a kan wanda ya zo. Mu ma mun san wannan a gida. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina aka kawo Fati Washa ta ci gaba da fitowa a matsayin Sumayya, an yi ta cece-kuce, kuma mafi yawan masu ƙorafin ba wani laifi suka kama sabuwar da shi ba, ido ne ya saba da wata fuskar. Bambancin kawai shi ne, a Doctor Who an saka sauyin a cikin labarin kansa, don haka babu wanda zai ce an yi masa ba-zata, amma duk da haka sai an yi kukan.

Sai dai zan yi rashin adalci idan na ce duk sukar da aka yi wa Gatwa kewa ce. Akwai wadda ta fito daga ƙyamar launin fatarsa, kuma duk wanda ya leƙa shafukan sada zumunta a wancan lokacin ya ga irinta, wani lokaci a fili, wani lokaci a lulluɓe da kalaman kare al'adar shiri. Wannan ba ta cancanci dogon bayani ba. Halittar da aka yarda tana da zuciya biyu, aka yarda ta koma mace, ba a launin fata ne hankali zai ce ya gaji ba. Akwai kuma waɗanda a cikinmu suka ja baya saboda wasu al'amuran soyayya da na zamantakewa da marubuta suka shigar waɗanda ba su dace da tarbiyyarsu ba, kuma wannan magana ce tsakaninsu da marubutan, ba ma'aunin iya wasan jarumi ba ce.

Sukar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce wadda ta zo bayan an gan shi, wato bayan fitowarsa ta farko a Disamban 2023 da zangon da aka fara a Mayun 2024. Yaya ya riƙe abu biyu. Na farko, ya ce wannan Daktan kuka ya yi masa yawa, kusan kowane kashi sai hawaye ya zubo. Na biyu, ya ce ba shi da kayan da za a san shi da su, domin Tom Baker, wanda ya riƙe matsayin daga 1974 zuwa 1981, ana gane shi da dogon gyalensa na wuya tun daga nesa, Smith kuma da ɗan ƙullin wuyan rigarsa, amma shi wannan kullum da sabuwar shiga kamar ango. A kan tufafi ban damu ba, kuma a garin da ake yanka sabon anko kusan kowace Asabar ban ga wanda zai yi wa wani gori ba. A kan hawaye kuwa na ba Yaya gaskiya, amma da gyara. Hawayen jarumi kamar gishiri ne a miya, kuma marubuci da darakta ne ke riƙe da cokalin. Idan an sa mutum ya yi kuka a kashi na biyu da na uku da na huɗu, to ranar da babban rashi ya zo babu sauran abin da zai nuna wanda ba a riga an gani ba. Wannan laifin rubutu ne da aka ɗora wa fuskar da ake gani.

Hujjata a kan haka kashi biyu ne daga zangon 2024. A wanda ake kira Boom, wanda Steven Moffat ya rubuta, Dakta ya taka nakiya tun a farkon labarin, kuma dole ya tsaya cak kusan har ƙarshe, domin motsi kaɗan zai tayar da ita. Jarumin da aka ce tsalle-tsalle da murmushi ne jarinsa sai ga shi an hana shi motsi, bai da abin aiki sai murya da ido, kuma ya riƙe mu har janareta ya ƙare da mai ba wanda ya tashi. Na biyun shi ne Dot and Bubble, inda ya yi ta fafutukar ceton wasu matasa masu hannu da shuni a wata duniya, a ƙarshe ya roƙe su su shiga akwatinsa ya kai su tudun mun tsira, suka ƙi, saboda ba za su bi baƙar fata ba, suka gwammace su tafi inda halaka ke jiransu. Abin da ya yi a wannan wurin, dariyar da ta rikiɗe ta koma ihu, babu wani Dakta da ya gabace shi da za a iya rubuta masa shi. Ranar Yaya bai ce uffan ba, wanda a wurinsa yabo ne babba.

Matsalar da ta fi kowace girma, a ganina, ita ce ƙarancin lokaci. A zamanin Tennant zango ɗaya kashi 13 ne, kuma ya yi zango uku cikakku ban da na musamman. Gatwa ya zo ne a lokacin da BBC ta haɗa gwiwa da Disney+, aka mayar da zango kashi takwas, kuma a cikin takwas ɗin farko akwai biyu da bai fito sosai ba. Idan aka haɗa zangonsa biyu da na Kirsimeti biyu, kashi 18 ke nan. Bai ma samu labari ko ɗaya da ya yi gaba da gaba da Dalek ba, tsofaffin abokan gabar da suka addabi Dakta tun 1963. Sabo yana bukatar zama, kuma mai kallo ba ya ƙaunar jarumi a rana ɗaya, sai ya gan shi a labari mai daɗi da mara daɗi, ya ga fushinsa da wautarsa, har ya fara hasashen abin da zai ce kafin ya faɗa. Mutanen da suka ce ba su ji shi a jikinsu a matsayin Dakta ba, ina ganin gaskiya suka faɗa, amma dalilin da suka bayar ne ba daidai ba.

Sai kuma ranar 10 ga Mayu 2025, da aka nuna kashin da ake kira The Story and the Engine, wanda labarinsa ya faru a Legas ta shekarar 2019, kuma a cikin shagon aski. Inua Ellams ne ya rubuta shi, marubucin da aka haifa a Jos, garin da aka tsinci waɗancan tsofaffin faifan. Mun kalle shi a namu shagon, a kan benci, kuma ban taɓa ganin an yi shiru haka a wurin ba. A labarin, an tsare wasu maza a shagon, duk wanda aka zaunar a kujera sai ya ba da labari yayin da ake masa aski, gashin ya sake tsirowa nan take, labaran kuma su ne man da ke tafiyar da wani ƙaton gizo-gizo da ke ɗauke da shagon a bayansa. An ambaci Anansi, gizon tatsuniyoyin mutanen Gana, wanda duk ɗan da aka yi wa "ga ta nan ga ta nanku" zai gane ɗan'uwan Gizo mijin Ƙoƙi ne. Akwai kuma wurin da aka yi wa Dakta kitso, aka zana masa taswirar hanyar fita a cikin kitson.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne bayanin da Dakta ya yi wa abokiyar tafiyarsa Belinda, cewa tun da ya samu wannan jikin akwai wurare a duniya da ake masa wani irin kallo, amma a wannan shagon ana karɓarsa kamar ɗan gida. Mu da muka bar Kano da Katsina da Sakkwato muka zo ci-rani ko muka zauna dindindin a garin da ake kiran kowannenmu "aboki" ko "mallam" ba tare da an tambayi sunansa ba, mun san darajar ɗaki ɗaya da za ka shiga a kira ka da sunan da mahaifinka ya raɗa maka. Mai askinmu ya yi ƙorafin cewa hayaniyar kasuwar da aka nuna ba ta kai ta Oshodi ba, kuma ba mu musa masa ba, amma har shi ya yarda cewa wanda ya rubuta zaman shagon ya taɓa jiran layin aski a ranar jajiberin salla ko makamanciyarta.

Mako uku bayan haka, a ranar 31 ga Mayu 2025, Gatwa ya sabunta jiki a ƙarshen zangon, fuskar da ta bayyana kuma ta Billie Piper ce, wadda ta fito a matsayin Rose, abokiyar tafiyar Dakta, lokacin da aka farfaɗo da shirin a 2005. Ƙanina ne ya fara gani ya turo mana. Da muka haɗu da yamma, Yaya yana zaune an rufa masa ƙyallen aski, ya dubi madubi ya ce da mai askin, "Malam, ai da sun bar yaron nan ya ƙara zango ɗaya. Yanzu fa ya fara zama Dakta." Ƙanina ya buɗe baki zai tuna masa maganar da ya yi a kan fara'a shekara uku da suka wuce, na taka masa ƙafa a ƙarƙashin benci, mai aski kuma ya kunna injinsa.